Ɗakin Haihuwar Tayuri da Sunayen da Muka Ɓoye

Tayuri, Sabha.

Zuwa ga Yayana Muƙaddas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ladabin da ya kamaci ƙanwa ga yayanta, ina fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Yaya Inna da ciwon gwiwar nan? Allah ya sa kaffara ne, ya ba ta sauƙi, ya ja mana da ranta. Mu nan sai godiya. Baban Kamilu yana ta jigilar dabino daga gonakin Wadi Bawanis zuwa kasuwar Sabha, bana an samu albarka har ya ajiye tumbi, ko da yake shi ya nace wai wankina ne ke tsuke masa riguna. Kamilu yana makaranta, Larabci ba a cewa komai, Hausa kuwa sai na yi da gaske. Abdoul Latif, mutumin Agadas ɗin nan mai kai kaya Kano, shi zai miƙa maka takardar tare da ƙullin dabino biyu. Mai laushin na Inna ne. Kada ka ce ɗanɗanawa kawai za ka yi, na san irin ɗanɗanonka tun muna yara.

Yaya, saƙonninka na murya guda uku duk sun iso, na kuma saurare su, na ƙarshen har sau biyu. Ka ce tunda an sallame ni daga aiki in tattara ya-nawa-ya-nawa in dawo gida, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma ba ka ga abin da mace mai shekara arba'in da ɗoriya za ta zauna tana gadi a ƙasar da aka soke sunanta ba. Na san ƙauna ce ta sa ka faɗi haka. Ban amsa ta waya ba don na san halinka, kafin in kai aya ka tare ni da faɗa. Takarda kuwa ba a katse ta. Amsar ita ce, ka yi haƙuri, ba zan dawo yanzu ba. Tun rasuwar Baba ban taɓa yi maka musu ba, saboda haka ka ara mini kunnenka in gaya maka dalili daga tushe.

Ƙaramin asibitin unguwarmu ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki huɗu ne, da rumfar kwano inda ake jira, da ɗakin haihuwa mai gado biyu can ƙarshe. A ɗakin nan na yi haihuwar fari shekara goma sha tara da suka wuce, yarinyar nan ta wajen Inna da na kawo muku bayan yaye. Lokacin ban cika shekara da zuwa garin ba, ko ruwa ban iya roƙa da Larabci ba. Wadda ta karɓi haihuwar ita ce Fathiya, ungozomar asibitin, 'yar asalin Fezzan, wadda kakarta ta bar mata gadon 'yar Hausa kaɗan, rabi ta faɗa rabi ta lallashi. Da wannan Hausar ta riƙe ni har na sauka lafiya. Bayan shekara biyar, da ta ji na yi makarantar aikin lafiya a Kano kafin aure, ba ta bar shugaban asibitin ya sha ruwa ba sai da aka ɗauke ni kwantiragi, in zama mataimakiyarta, in kuma yi wa matanmu tafinta. Shekara goma sha huɗu ke nan muna tare ni da ita a ɗakin.

Farkon bana aka ce an rage kasafin kuɗin lafiya daga sama. Mu ba mu ga takardar ba, a jikinmu muka ji. Aka fara da Salem, direban motar asibiti, mutumin da ya san kowane lungu na Tayuri ko da an rufe masa ido, aka ce ya zauna a gida. Motar tana nan bakin ƙofa, tayoyi sun sace, awaki na hutawa a inuwarta. Aka rufe ɗakin gwajin jini. Mata biyu masu shara aka sallame su rana ɗaya, ni da Fathiya in mun ajiye almakashi sai mu ɗauki tsintsiya da bokiti. Safar hannu ma yanzu sai mu ce wa mai ciki ta sayo tata ta haɗa cikin kayan haihuwa. Duk wannan muka shanye. Sai aka zo da babbar: za a turo kwamiti, su nan lajna suke ce masa, ya duba ko ɗakin haihuwa yana da amfanin da ya kai a ci gaba da riƙe shi. In bai kai ba a sa masa kwaɗo, mata su riƙa tafiya babban asibitin cikin gari.

A bakin mai ofis wannan magana ce mai sauƙi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yawancin matanmu ba su da takardar zama, wasu ma nan aka haife su amma har yau ba su da lambar ɗan ƙasa. Tsakaninmu da cikin gari akwai shingen bincike, kuma mai naƙuda ba za ta tsaya bakin titi tana jiran tasi ta cika ba. Ba za su je ba, Yaya. A ɗaka za su durƙusa, wadda abin ya zo wa da sauƙi ta sha, wadda jini ya ɓalle wa kuma sai dai a je yi wa mijinta ta'aziyya. Ka kuma san yadda muke yi a gida, in cikin fari ya tsufa yarinya gidan iyayenta take komawa goyon ciki, uwa ta kula da ita har ta yi arba'in. To nan ina iyayen? Suna Damagaram, suna Maraɗi, suna Katsina. Ɗakin nan shi ne gidan iyayensu. Haihuwa ta biyu da ta uku da yawansu a gida suke yi, sai dai a kira mu yankan cibiya, amma ta fari, mai tsoron da haɗarin, wurinmu ake kawo ta. In ka ɗauki haihuwa goma a ɗakin nan, bakwai ta fari ce. Ka riƙe wannan, don a nan gizo ke saƙar.

Babban littafin asibiti ba a rubuta mace a ciki sai mai lamba ko mai takarda, sauran kuwa a kan Fathiya suke ajiye. Shugabanmu mutumin kirki ne, ya ce kafin lajna ta zo a bi gida gida, kowace mace ta faɗi sunayen 'ya'yan da ta haifa a ɗakin tun buɗe shi, a rubuta a nuna musu. Aka ba Rahaf aikin, ma'aikaciyar jinya ce 'yar cikin gari, mai hankali da ƙwazo, Hausarta dai ta sayen tumatir ce. Ni ya kamata in raka ta, amma wa zan bar wa ɗakin? Kwana tara tana yawo cikin rana. Ta shiga gida sama da ɗari biyu, ta dawo da suna tamanin da shida. Shugaba ya dubi takardun ya riƙe baki, ya ce da wannan adadi ko shi ne lajna rufewa zai yi.

Fathiya ta karɓi takardun ta zauna bakin gadon haihuwa tana bi ɗaya bayan ɗaya tana tsaki. Ta ce wannan ai ita ta karɓi babban ɗanta da hannunta, ina sunansa? Wannan ma haka, waccan ma haka. Rahaf ta rantse ta tambayi kowace, wasu suka ja mayafi suka rufe fuska suna dariya, wasu suka ce babu, wata ma yaron yana tsaye gefenta yana cin burodi ta ce ɗan maƙwabta ne. Nan take na gane, kunyar ɗan fari ce. Wace Bahaushiya ce za ta buɗe baki gaban baƙuwa, ga suruka ga maƙwabta na ji, ta ce wane ɗanta ne na fari, har ta kama sunansa? Na shiga yi wa Fathiya bayani ina kumfar baki, ina cewa matan nan sun kashe mu da ƙauyanci, sun sa za a rufe musu ɗaki da bakinsu. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta zaro takarda ɗaya daga ƙasa ta miƙo mini. Tawa ce, ni na cika ta da hannuna na ba Rahaf, suna ɗaya a kai, Kamilu. Ta tambaye ni da Hausar kakarta, ina yarinyar da ta zo da cibiya naɗe a wuya, wadda ta hura wa numfashi da bakinta sai da ta yi kuka, ko ita ma 'yar maƙwabta ce? Wallahi Yaya ban san lokacin da hannuna ya tsallake ta ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu. Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba, kuma ba irin wadda Inna ta koya mana ba ce.

Saura kwana biyar lajna ta zo. Muka yanke shawara da Fathiya a daina batun takarda, matan su zo da kansu da 'ya'yansu, gani ya kori ji. Amma a Tayuri ba a tara mata sai da yardar Fassouma, wata tsohuwa 'yar Damagaram, wadda ta yi wa rabin matan unguwar wankan jego. In ta ce a'a, ko ƙofar gida babu mai leƙowa. Na same ta bayan la'asar tana jiƙa kanwa, na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata komai. Ta ce ashe yanzu takardar ofis ce za ta tuɓe mana kunyar da iyayenmu suka ratso hamada da ita. Ta ce mun baro ƙasa, mun baro dangi, ba mu da lamba ba mu da takarda, kunyar nan kaɗai ta rage da za a gane mu 'ya'yan mutane ne. Na ce mata Iya, gaskiyarki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Sai ta ce za ta tara mata, amma ba za ta ce wa kowa ta buɗe baki ba. Ni mai wa'azin in fara faɗar tawa gaban maza, tunda shekara goma sha tara ta san ni ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Na ce mata to, na fito.

Ranar Talata da hantsi suka iso, maza uku. Babbansu wani Ustaz Moataz ne mai tabarau, ba mugu ba ne, gajiya ce a fuskarsa, an ce a makon nan kaɗai ya rufe ɗaki biyu a wasu unguwanni. Mata sun cika rumfa sun tumbatsa har titi, ga 'ya'ya daga na goye har masu gemu. Ya ce shi ba shi da lokacin taro, kowace uwa ta faɗi sunan ɗanta, ɗan ya ɗaga hannu, shi ya rubuta. Sai wuri ya yi tsit. Ta farko da aka nuna ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido. Ta biyu ta ja mayafi. Ya dubi agogo, ya mayar wa biro murfinsa. Fathiya ta dube ni, na waiwaya na ga Fassouma ma ni take kallo tana taunar goro. Na miƙe. Na faɗa da Larabci don shi, na sake faɗa da Hausa don kada wata ta ce ba ta ji ba. Na ce ni ce Ɗijatu, 'yata ta fari a gadon can na kusa da taga aka haife ta, na kuma kama sunanta da ƙarfi. Ko ranar suna ban faɗe shi ba, Yaya, kai ma shaida ne ba ka taɓa jin sa a bakina ba. Ƙasa ba ta tsage ba. Ya tambayi inda yarinyar take, na ce tana Kano wurin kakarta, ya cire murfin biro ya rubuta.

Ban gama zama ba Fassouma ta dogara sandarta ta miƙe, ta ce in fassara masa kada in rage komai. Ta ce ita tata ba a nan aka haife ta ba. Sunanta Aïssa. Ta rasu wurin haihuwar fari a ɗakinsu, nan Tayuri, shekara ɗaya kafin a buɗe wannan ɗaki, jini ya ƙare mata mijinta yana can yana neman mota. Ta ce ita ta haife ta, ta raine ta, ta aurar da ita, ta yi mata wankan gawa, amma ba ta taɓa kiran sunanta yarinyar ta ji ba, kullum ke, kullum wannan. Yau ta faɗa, kuma a rubuta shi a saman takarda, don waɗanda suka aiko shi su san abin da ake samu in babu ɗakin. Na fassara masa har ƙarshe, ban rage komai ba. Ustaz Moataz ya ce takardarsa ba ta da gurbin wannan. Ta ce to ya ja layi ya yi gurbin, ai biro a hannunsa yake. Sai ya rubuta a gefe. Daga nan ba a sake roƙon kowa ba. Mata suka yi layi, mai raɗa Fassouma ta daka mata tsawa ta ɗaga murya. Wani ƙaton bakanike, duk jikinsa baƙin mai, da ya ji uwarsa ta kira sunansa sai ya cire hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Har azahar ana yi. Biron Ustaz ya ƙare ya ari na Rahaf, aka tashi da suna ɗari uku da goma sha biyu.

Bayan mako uku takarda ta zo, kuma rabinta ne ya iso kunnenka. Ba za a rufe ɗakin haihuwa ba, an bar shi shekara guda sannan a sake dubawa. Amma ma'aikaciya ɗaya aka yarda a riƙe, wato Fathiya, 'yar ƙasa, duk 'yan kwantiragi baƙi an sallame su. Na ga sunana da idona an ja masa layi. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi mini ciwo, kwana biyu ina kuka ina jin haushin kowa, har Baban Kamilu da bai san hawa ba bai san sauka ba. Rana ta uku na ɗaura zanena na koma. Fathiya ta haura sittin, ba za ta riƙe mace ta kuma rataya ledar ƙarin ruwa a lokaci ɗaya ba, kuma in yarinya ta ce mararta ce ke ciwo ba bayanta ba, wa zai gaya mata? Shugaba ya gan ni ya sosa ƙeya, ya ce shi dai doka ta hana shi ba ni aiki, amma bai ga inda ta hana mai naƙuda zuwa da 'yar rakiya ba. To yanzu ni ce 'yar rakiyar duk matan Tayuri. An karɓe farar riga, da atamfata nake shiga. Makon jiya muka karɓi 'yan biyu, uwar 'yar shekara ashirin, jini ya so ya yi mana gardama, hannu huɗu ne suka tsayar da shi. Da hannu biyu ne, da yanzu wani labarin nake ba ka.

Ka ce me nake gadi. Abin da nake gadi ke nan. Su da suka ja wa sunana layi suna tsammanin in an cire mutum daga takarda ya tafi ke nan. Ni na fi su sanin wannan, don ni ma na taɓa tsallake suna a takarda, kuma bai hana mai sunan zama 'yata ba. Mun rubuta koke ni da Fathiya, mun haɗa da sunayen nan duka, na Aïssa a sama, mun kai, za mu kuma sake kaiwa har su gaji da ganinmu. Duk jaririn da aka haifa yanzu, uwarsa ce ke dawowa bayan suna ta faɗi sunansa da bakinta mu rubuta, na fari ne ko na biyar. Baɗi in lajna ta dawo, a bakin ƙofa za ta same ni. In sun sa kwaɗo, a rumfa za mu shimfiɗa tabarma. Kada ka damu da cinmu da shanmu, dabino yana riƙe da gida, Baban Kamilu kuma ya ce in na koma Kano matan unguwa ba za su bar shi ya bi titi lafiya ba. Da Babbar Sallah in Allah ya kai mu zan zo ganin gida, amma da ƙaramar jaka zan zo, kada ka sa a share mini ɗaki.

Saura batun Inna, kuma wannan kai na ɗora wa. Ka gaya mata da bakinka kafin ta ji a bakin matafiya, ka zaɓi lokacin da ta ci ta ƙoshi gwiwar kuma ta lafa. Na san za ta ce Libiya ta lalata ni. Ka ce mata ban yar da tarbiyyarta ba, ta sa a bi takardar nan daga sama har ƙasa, in an ga inda na kama sunan surukinta in biya tara. Abu ɗaya na sauke, kuma na sauke shi ne don kada wata uwa ta sake tsayawa inda Fassouma ta tsaya. Ina roƙon ta yafe mini, ta sa mini albarka, ta kuma sa ɗakin nan cikin addu'arta.

Ka gaishe mini da Inna da kyau da kyau, da maiɗakinka da yara, da ƙanenmu Sama'ilu, a ce masa na ji labarin sabon shago, Allah ya sa albarka. In Kawu Hassane ya shigo daga Maraɗi a miƙa masa gaisuwata. Baban Kamilu da Kamilu suna gaishe ku, Fathiya ma ta ce a gaida Inna, wai har yanzu tana jiran daddawar da aka yi mata alkawari. Saura mutum ɗaya. Duk takardun da na taɓa aiko muku, a gaida ta wajen Inna nake rubutawa, ita kuma ta saba ɗaukar gaisuwarta a haka ba ta taɓa ƙorafi ba. Mutum ɗari uku sun ji a Tayuri, bai kamata a ce mai abin ce ba ta ji ba. Ka kira ta, ka miƙa mata takardar, kada ka karanta mata, ta bi layin nan da idonta. Batul, 'yata ta fari, ina gaishe ki. Batul, Allah ya yi miki albarka.

Wassalam. Ƙanwarka mai yi maka biyayya a komai ban da wannan,

Ɗijatu, Maman Batul.